Agogon Ƙarƙashin Teku a Hannun Mutumin Rogo: Wanne Zan Ɗauka?

TAMBAYA

 Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ina sayen masara da waken suya a kasuwannin Rogo da Karaye ina kaiwa Dawanau, kuma Alhamdu lillahi abin ya yi albarka. Tun ina yaro Allah Ya jarabce ni da son agogo. Na fara da Casio, na ɗaura Seiko 5, na ɗaura Rado. Yanzu raina ya kwanta a kan Rolex Deepsea, ƙaton nan na masu nutso a teku. Wani abokin hulɗata da ke zuwa Dubai ya turo mini hotuna ta WhatsApp. Akwai na hannu mai lamba 116660, shi ya fi sauƙin kuɗi. Akwai 126660 mai fuska shuɗi da baƙi, akwai kuma sabo mai lamba 136660. Ya ce in ina so a san na iso, akwai wanda ya fi su girma wai shi Challenge, sannan akwai na zinare. Ni dai a idona duk ɗaya suke, bambancin kuɗin ne kawai ke razana ni. Wanne zan ɗauka? Don Allah Malam kada ka yi mini wa'azin almubazzaranci, wannan na sha shi a gida.

Mai karatu daga Rogo

AMSA

 Allah Ya ƙara buɗi. Wa'azi kam na bar wa uwargida, tunda ta riga ni. Kuɗinka ne, guminka ne. Abin da ya rage mini shi ne in taya ka kada ka kashe su a kan abin da zai ƙare a cikin durowa bayan wata biyu, domin da yawa daga masu sayen wannan agogo haka suke ƙarewa da shi.

Bari mu fara sallamar biyu daga cikin biyar ɗin, don mu samu sarari.

Na zinaren ya fito a 2024, lambarsa 136668LB, nauyinsa wajen giram 320, kusan sulusin kilo kenan a tsintsiyar hannu, kuma ya shigo kasuwa a kan sama da dala dubu 50. Ba sai mun kai ga maganar nauyi ko kuɗi ba. Kai Musulmi ne, namiji, kuma hukuncin sanya zinare ga maza ba ɓoyayye ba ne. Wannan ba ruwan zinare aka shafa masa ba, jikinsa da sarƙarsa zinare ne mai karat 18. Ban ga yadda za ka shiga sahun gaba ranar Juma'a a Rogo da shi a hannu ba. Mu wuce.

Shi kuma Deepsea Challenge, wanda ya fito a ƙarshen 2022, faɗinsa milimita 50 ne, kaurinsa 23, gilashinsa kaɗai ya kai milimita 9.5. Da titaniyam aka ƙera shi don a rage nauyi, amma duk da haka yana da giram 250 da ɗoriya. An yi shi ya jure zurfin mita 11,000, wato ya wuce wuri mafi zurfi da aka sani a duk tekunan duniya. Abin kallo ne, kuma shaida ce ta inda fasahar kamfanin ta kai. Amma ba ya nuna kwanan wata, kai kuwa mutum ne mai rubuta rasit da lissafin ranar kasuwa. Kuma babu telan da zai ɗinka maka hannun kaftanin da zai rufe shi ba tare da ya ɓata ɗinkin ba. Wanda ya tara agogo goma yana neman na sha ɗaya don ajiya, shi ya dace da shi. Kai kana neman wanda za ka ɗaura ne.

Saura uku, kuma gaskiyarka ne, a hoto kusan ɗaya suke. Dukkansu milimita 44 ne, kaurinsu ya kusa 18, nauyinsu ya haura giram 200, kuma dukkansu an rubuta musu mita 3,900. Kafin in rarrabe maka su, ya kamata ka san dalilin wannan girma, domin ba ado aka yi nufi da shi ba.

Duk mita 10 da mutum ya nutsa a ruwa, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa. A mita 3,900 matsin ya ninka haka kusan sau 390, kuma nauyin da ke kan gilashin agogon kaɗai ya kai wajen tan uku. Buhu talatin na masara kenan a kan abin da bai cika tafin hannu ba. Don agogon ya ɗauki wannan kaya, Rolex ta sa masa gilashi mai kaurin milimita 5.5, ta ɗora shi a kan wani zoben ƙarfe mai tsananin tauri da ke cikin jikin agogon, ta rufe bayansa da murfin titaniyam mai ɗan lanƙwasa idan matsi ya yi yawa. Ruwa na dannawa, sassan na ƙara manne wa juna. Wannan tsari suke kira Ringlock, kuma shi ne duk kaurin da kake gani. Kafin agogo ya bar masana'anta sai an gwada shi a tankin matsi fiye da abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin ɗari.

To ina mita 3,900 take? Tarkacen jirgin Titanic na kwance a wajen mita 3,800. Dam ɗin Challawa da ke nan ƙasar Karaye, wanda aka kammala a 1992, tsayin bangonsa mita 42 ne. Sai ka jera irinsa sama da 90, wani a kan wani, kafin ka kai inda agogon zai fara jin jiki. Masu nutson shaƙatawa da tulun iska a baya ba su wuce mita 40. Ahmed Gabr, ɗan Masar da ya kafa tarihin nutso da tulun iska a Dahab a 2014, mita 332 ya kai. Ko gwajin da kamfanin COMEX na Faransa ya yi a 1992, inda Théo Mavrostomos ya jure matsin mita 701, a cikin ɗakin matsi aka yi shi a birnin Marseille. Kenan babu hannun ɗan Adam da zai raka wannan agogo zuwa iyakarsa. Masuntan garin Turawa da ke kwana a kan ruwan dam ɗin da kwalekwale, da Casio na roba suke aikinsu lafiya lau.

Akwai kuma ɗan bawul a gefen hagu na agogon, wanda dillalai ke son nunawa. Aikinsa na mutanen da ke gyaran bututun mai a ƙarƙashin teku ne, irin waɗanda ke aiki a gaɓar Neja Delta. Su kan yi makonni a cikin ɗakin ƙarfe mai matsi, suna shaƙar iska mai haɗe da hiliyam. Ƙwayoyin hiliyam ƙanana ne ƙwarai, suna silalewa cikin agogo a hankali. Idan aka zo rage matsi a ƙarshen aiki, iskar da ta taru a ciki kan rasa hanyar fita da sauri har ta ɓalle gilashin. Bawul ɗin ne ke ba ta hanya. Don wannan matsala aka fito da Sea-Dweller a 1967, kakan agogon da kake so. Irin waɗannan ma'aikata ne suka ceto Harrison Okene, mai dafa abinci a jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Najeriya a watan Mayu na 2013. Ya yi kusan awa 60 a zurfin mita 30 cikin ɗan sararin iskar da ya rage a jirgin, kuma bayan an ciro shi sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsi kafin ya ga rana. Labari ne mai daɗin bayarwa a majalisa idan aka tambaye ka amfanin bawul ɗin, amma a hannunka ba zai taɓa buɗewa ba.

Na faɗi duk wannan ne don ka cire maganar zurfi daga lissafinka. Abin da ya raba ukun nan a gare ka shi ne inji, da sarƙa, da shekaru.

Mai lamba 116660 shi ne na farko, ya fito a 2008 aka ci gaba da yin sa har 2018. Injinsa 3135 ne, tsohon inji mai amana wanda Rolex ta fara amfani da shi tun 1988. Ba batir gare shi ba, motsin hannunka ne ke wana shi, kuma idan ka ajiye shi yana riƙe kusan awa 48 kafin ya tsaya. Inda aka fi kuka da shi shi ne sarƙa. Ta yi wa kan agogon siranta, sai ya zama kamar an ɗora buhun masara a kan keken yara: kan na rinjaya, yana zamewa gefen hannu, kana ta gyara shi. Sannan duk wanda za a kawo maka yanzu ya daɗe a hannun wani, wataƙila ya kai lokacin wanke inji da sauya robobi, kuma wannan aiki ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Rangwamen da abokinka ya nuna maka, ka cire kuɗin gyaran daga ciki ka ga abin da zai saura.

A 2018 aka fito da 126660, kuma a nan aka yi gyaran gaske. An faɗaɗa sarƙar, an sake fasalin ƙahonnin da ke riƙe ta, sai agogon ya zauna daidai a hannu. An kuma sa masa sabon inji, 3235, mai riƙe awa 70. Ka cire shi ranar Juma'a da magariba ka tafi gona kwana biyu lokacin kaka, ka dawo Litinin da safe ka tarar yana tafiya. Ga mai agogo fiye da ɗaya irinka, wannan bambanci ne da za ka ji a jikinka.

Shi kuwa 136660 na 2022, inji ɗaya ne da na 2018. An ɗan rage kaurin zoben da ke juyawa a kewayen fuska, an ɗan ƙara girman tagar kwanan wata, an kuma cire wani ƙarin ƙarfe da ke naɗe a cikin maɗauri, wanda aka tanada don ɗaura agogo a kan rigar roba ta masu nutso. Cire shi ya sa maɗaurin ya ɗan rage tudu. Gyare-gyare ne masu kyau, amma sai an jera su biyun a tebur kafin ido ya kama su. Abin da sabon ya fi da shi shi ne sabuntarsa: garantin shekara biyar daga kamfani.

Don haka in kuɗin sabo bai dame ka ba, kuma daga hannun dilan da Rolex ta amince da shi za a ɗauko, ɗauki 136660. In kuwa na hannu za ka saya, 126660 ya ba ka kusan komai da sabon ke da shi a farashin da ya fi sauƙi, kuma ni shi zan nuna maka. Na 2008 ɗin ka bar wa masu tara tsofaffi.

Sai maganar fuska, wadda na ga alamar ita ta fi ɗaukar hankalinka. Mai shuɗi a sama yana rikiɗewa zuwa baƙi a ƙasa, ana ce masa D-Blue, ya fito a 2014. An yi shi ne don tunawa da James Cameron, mai shirya fim ɗin Titanic, wanda ya sauka shi kaɗai zuwa zurfin mita 10,908 a ramin Mariana da ke tekun Pasifik ranar 26 ga Maris 2012, da wani agogon gwaji na Rolex ɗaure a hannun ƙarfen jirginsa na ƙarƙashin ruwa. Kafin shi, Jacques Piccard da Don Walsh ne suka fara isa can a jirgin Trieste ranar 23 ga Janairu 1960, su ma da Rolex maƙale a jikin jirgin ta waje. Launin fuskar na kwaikwayon yadda haske ke ƙarewa yayin da ake nutsawa, koren rubutun da ke kanta kuma launin jirgin Cameron ne. Ya fi baƙin tsada kaɗan a shago, ya kuma fi shi saurin samun mai saye idan ka tashi rabuwa da shi. Baƙin ya fi natsuwa, yana shiga da kowace shadda, fara ko mai ruwan ƙasa ko ruwan toka. Amma a ganina wanda ya yarda ya ɗauki wannan nauyi a hannu ba ɓoyo ya zo yi ba, kuma baƙin daga nesa sai a ɗauka Rolex Submariner ne ya yi ƙiba. Ni shuɗin zan ɗauka.

Duk da haka, kada ka tura ko kwabo sai ka je wurin telanka ya zagaya tsintsiyar hannunka da tef. In ta gaza santimita 18, shawarata ta canza gaba ɗaya. Daga ƙaho zuwa ƙaho agogon ya haura milimita 50, a siririn hannu ƙahonnin za su leƙo waje, nauyin ya riƙa bugun ƙashin wuyan hannu, kafin la'asar ka cire shi ka sa a aljihu. Mai irin wannan hannu ya nemi Sea-Dweller mai milimita 43, lamba 126600, wanda ya fito a 2017 da jan rubutu a fuskarsa. Injin 3235 ne shi ma, yana jure mita 1,220, kaurinsa wajen milimita 15, kuma yana da ɗan gilashin ƙara girma a kan kwanan wata, abin da Deepsea ba shi da shi, abin da kuma idon da ya haura arba'in ke godiya da shi. Milimita uku na kauri kamar ba komai ba ne a takarda, amma su ne ke raba agogon da ke shigewa ƙarƙashin hannun kaftani mai links da wanda ke tokare shi. Da babbar riga ko jamfa mai sakakken hannu babu wannan damuwa. In za ka iya, ka ɗaura shi a shago na rabin awa, ka lanƙwasa hannu kamar za ka yi sujada, ka ji inda yake taɓa ka.

Sujadar ta tuna mini da alwala. Ruwa ba ya yi wa wannan agogo komai matuƙar kan da ake wana shi da shi yana murɗe ram. Amma wajibi ne ruwa ya taɓa fata, agogo mai wannan faɗi kuma yana rufe wuri babba, don haka sau biyar a rana za ka riƙa sassauta shi ko ka cire. Maɗaurinsa na da wata dabara da ake kira Glidelock, wadda ke ba ka damar ƙara ko rage tsawon sarƙa har kusan milimita 20 ba tare da sukuddireba ba. Wannan ita ce fasahar masu nutso guda ɗaya da za ta yi maka aiki kullum, wajen alwala da kuma zafin watan Afrilu lokacin da hannu ke kumbura. In ka cire shi a bakin famfon masallaci, aljihun gaba za ka sa shi, ba kan dakali ba. Ƙurar hunturu kuwa ba ta shiga cikinsa, sai dai ta taru a tsakanin gaɓoɓin sarƙa ta haɗu da gumi ta riƙa cin ƙarfen a hankali. Ruwa da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori sun wadatar.

Kada kuma ka sa ran zai fi Casio ɗinka faɗin gaskiyar lokaci. Rolex ta yi alkawarin ba zai wuce daƙiƙa biyu gaba ko baya a rana ba, abin yabo ne ga inji mai tafiya da zaren ƙarfe da haƙora, amma agogon batir na dubu biyar ya fi shi daidaito a wata.

Na san wani zai ce maka ajiyar dukiya ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin abin da farashinsa ke bin dala ya tsira daga faɗuwar naira irin wadda muka gani tun tsakiyar 2023. Sai dai wannan darajar dala ce, ba ta agogon ba. Farashin agogunan da ake sake sayarwa a duniya ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka, waɗanda suka saya a lokacin don riba da yawansu sun ji jiki. Deepsea kuma ba ya cikin na gaba-gaba wajen riƙe farashi, saboda girmansa ya rage masu iya ɗaura shi. Sabo na ƙarfe yana wajen dala dubu 14 zuwa 15 ko sama da haka, ka buga da canjin yau a kasuwar canji ta Wapa ka ga buhu nawa ne. Ranar da ka tashi sayarwa, ba a Rogo ko Karaye za ka sami mai saye ba, ko a Kano sai ka yi haƙuri. Masarar da ka ajiye daga kaka zuwa bazara ta fi shi saurin zama kuɗi. In kuma niyyarka ta koma saye don sayarwa, ya zama hajar kasuwanci, sai ka tuntuɓi malaminka kan zakkarsa.

Akwai maganar da ba na son yi amma tilas. Kana yawo da mota tsakanin ƙauyukan da ke iyaka da Katsina da Kaduna, kana ciniki a bainar jama'a, kuma yanzu yara da waya a hannu sun san farashin komai. Ranar kasuwa Seiko 5 ɗin nan ya ishe ka. Wannan na ɗaurin aure ne da Sallah da zaman ofis a birni.

Babban haɗarin dai shi ne jabu. Zamanin da ake gane jabun Rolex da rashin nauyi ko tsallen allurar daƙiƙa ya wuce. Yanzu ana yin wanda nauyinsa da rubutunsa da kwalinsa da katinsa duk sun yi kama da na gaske, har gogaggen dillali sai ya buɗe inji kafin ya tabbatar. Hoton WhatsApp ba ya tabbatar da komai, kuma abokinka na iya zama mai gaskiya a cuce shi shi ma. A Dubai, Ahmed Seddiqi & Sons ne dilan da Rolex ta amince da shi. A nan gida akwai Polo a Legas da Abuja. Tun ƙarshen 2022 kamfanin ya kuma fara wani shiri na sayar da na hannu da ya tantance da kansa ta wasu dilolinsa, da garantin shekara biyu. Ya fi kasuwar bayan fage tsada, amma ƙarin kuɗin kwanciyar hankali kake saye da shi. Haka ma gyara: masu gyaran agogo na Sabon Gari gwanaye ne a kan Seiko da Orient, amma wannan murfin yana buƙatar mabuɗinsa na musamman, da robobinsa, da injin gwada matsi bayan an rufe. Kamfanin na ba da shawarar a duba shi kamar duk shekara goma, kuma idan lokacin ya yi, wurin dila za ka kai shi.

Saboda haka ka ce wa abokin naka ya turo maka lambar da aka zana a jikin 126660 ɗin tare da hoton katin garantinsa, ka ga ko sun dace, ya kuma gaya maka shagon da aka fara sayar da shi da shekarar. Ka nemi mai agogon ya yarda a kai shi wurin dila a buɗe a gaban abokinka kafin a biya, kuɗin dubawar a wuyanka. In ya fara kawo uzuri, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira yau-yau, abokinka ya yi masa sallama ya fito. Allah Ya sa a saya a sa'a, a gaida mutanen Rogo.